Tsari Kafin Kaya: Bayani A Kan Ƙaramar Sana'ar Intanet A Ƙofar Kwaya, Katsina

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da la'asar sakaliya, ya dubi masu komowa cikin birnin Katsina daga hanyar Dutsin-Ma, zai ga da yawansu samari ne da 'yan mata, kuma da wuya ya ga wanda babu waya a hannunsa. Dalili kuwa shi ne a kan wannan hanya manyan makarantun garin suke, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua wadda aka kafa a 2006. To, a cikin waɗannan matasa akwai waɗansu da wayar nan ta zame musu abin neman abinci. Su ne masu shirya bidiyo ko labari ko darasi da Hausa, su ɗora a YouTube ko Facebook ko TikTok, ko su sayar ta WhatsApp. Har yanzu ba mu tsayar musu da suna guda ba. Wani ya ce 'yan TikTok, wani ya ce masu tasha. A cikin wannan takarda zan kira su masu sana'ar intanet.

Na zauna da waɗansu daga cikinsu, har da ɗalibaina, na kuwa ga yadda akan fara abin da ɗoki, a ci bashi a sayi waya mai tsada, bayan wata uku ko huɗu a watsar. Abin da nake so in nuna shi ne rashin tsari ya fi rashin kayan aiki kashe wannan sana'a. Maganar ta shafe mu malamai ta fuska biyu. Na farko, ɗalibanmu ne ke zuba kuɗinsu da lokacin karatunsu a ciki. Na biyu, Hausar da yaro ke karantawa a waya yau ta fi wadda yake karantawa a littafi yawa, su ne kuwa ke rubuta ta.

1. Asalin sana'ar da irin hajarta

Sayar da magana ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maroƙa da 'yan kama da masu tallar littattafan ajami duk da ita suka ci abinci. A shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka bazu, a 1990 kuma aka fitar da fim ɗin Turmin Danya, sana'ar fim ta kafu a kan kaset, daga baya ta koma faifai. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali faifan ma ya ja da baya, masu tura fina-finai a waya suka karɓi kasuwar. An buɗe YouTube a 2005, amma sai wajen 2020 aka ga ƙarfinsa sosai a wurin Hausawa, sa'ad da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So na tashar Bakori TV suka riƙa fitowa mako-mako, mutane suna jiran ranar fitowarsu kamar yadda ake jiran ranar kasuwa.

Waɗancan manyan kamfanoni ne masu ma'aikata. Wanda muke magana a kansa kuwa mutum ɗaya ne, ko biyu, a ɗaki guda. Shi ne marubuci, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai tacewa, shi ne dillali, shi ne akawu. Hajarsa takan zama wasan barkwanci, ko koyar da girki da ɗinki da gyaran waya, ko darasin makaranta, ko ƙagaggen labari da ake sayarwa kashi-kashi, ko karanta littafi da murya domin masu saurare. Tun da yake aikin mutum biyar ne ya taru a kan mutum ɗaya, in bai raba wa kowane aiki lokacinsa ba, lalle ɗaya zai cinye sauran.

2. Ƙofofin da kuɗi ke shigowa

Kafin mutum ya tsara aiki, ya kamata ya san ta inda riba za ta zo. Ƙofofin huɗu ne. Ta farko ita ce kason da kamfanin da ke da dandalin yake bayarwa daga kuɗin talla. Ta biyu, tallar da mai sana'a ke yi wa 'yan kasuwar garinsu, kamar mai shagon atamfa ko mai sayar da turare. Ta uku, sayar da abin da ya ƙaga da kansa, watau littafi ko darasi. Ta huɗu, aikin ƙwadago, kamar ɗaukar hoton biki ko tace wa wani bidiyo.

Yawancin masu farawa ƙofar farko kaɗai suke hange, alhali kuwa ita ce ta fi nisa. A 2018 YouTube ya sa ƙa'ida cewa ba za a fara raba kuɗin talla da mai tasha ba sai ya sami mabiya 1,000, an kuma kalli abin da ya ɗora na tsawon sa'a 4,000 a cikin wata 12. In ya cika, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogon bidiyo shi ne nasa. Ba a aiko masa da kome sai abin ya taru ya kai dala 100, kafin nan kuma sai an aiko masa da wata lambar sirri ta gidan waya don a tabbatar da adireshinsa. Har wa yau, kuɗin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Abin da ake biya a kan mai kallo a Ingila ko Amurka ya fi abin da ake biya a kan na Katsina ko Maraɗi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Sa'a 4,000 minti 240,000 ke nan. A ce kowane mai kallo yana tsayawa minti 4, ashe ana bukatar kallo 60,000. Wanda ya ɗora bidiyo ɗaya kowane mako, watau 52 a shekara, zai cika in kowane ɗaya ya sami kallo wajen 1,150. Wanda kuwa ya ɗora 10 ya gaji, sai kowane ɗaya ya sami 6,000. Na farkon abu ne da mai haƙuri zai iya kaiwa, na biyun kuwa sai an yi dace. Saboda haka mai hankali yakan dogara da ƙofa ta biyu da ta uku da ta huɗu a shekararsa ta farko, ya bar ta farkon ta zo a kan lokacinta.

3. Tsarin lokaci

Nan ne gundarin maganar. Kowa a ƙasar Katsina ya san Jibiya ranar Lahadi take ci, Batsari kuma ranar Alhamis. Ba a yin shela kowane mako a ce gobe kasuwa, domin ranar ta zauna a zukatan mutane. In da kasuwa za ta ci yau Lahadi, mako mai zuwa Talata, sa'an nan ta yi wata guda ba ta ci ba, da ta mutu ko da hajarta ta fi ta kowa kyau. Haka tasha take. Abu na farko da mai sana'a zai tsayar shi ne ranar kasuwarsa da sa'arta, ya kuma zaɓi abin da zai iya riƙewa shekara guda. Sau ɗaya a mako wanda ba ya fashi ya fi kullum-kullum na mako uku.

Abu na biyu shi ne rumbu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke ɗaukar bidiyo da safe don ya sake shi da yamma, ranar da aka ɗauke wuta, ko aka yi rasuwa a unguwa, ko jarrabawa ta matso, ranar kasuwarsa ta faɗi. Maganin wannan shi ne kada ya buɗe tasha sai yana da abu huɗu a ajiye, gamammu, kuma kullum ya fitar da ɗaya ya mayar da ɗaya. YouTube da Facebook duk sun ba da damar a ɗora abu yau, a umarce su kada su sake shi sai rana kaza da ƙarfe kaza. Ashe mutum yana iya zama a ɗakin jarrabawa, tasharsa tana cin kasuwa.

Abu na uku shi ne tara aiki iri ɗaya a zama ɗaya. Marini ba ya haɗa baba don zane guda, sai ya tara. Kafa waya da daidaita haske da neman wurin da babu hayaniya suna cin lokaci, ko bidiyo ɗaya za a ɗauka ko uku. Ga misalin yadda ɗalibi zai iya raba makonsa. Litinin da Talata da dare ya rubuta abin da zai faɗa, ya karanta da ƙarfi yana duban agogo don ya san tsawonsa. Asabar da safe ya ɗauki biyu ko uku a jere. Lahadi ya tace. Laraba ya amsa wa masu saƙo da masu neman talla. Alhamis ya duba littafin lissafi. Juma'a ya huta. Wanda bai keɓe wa amsa saƙo lokaci ba zai tarar ya yini yana duban waya, yana tsammanin aiki yake yi, alhali ko layi ɗaya bai rubuta ba.

A cikin yini ma sa'o'i ba ɗaya suke ba. A unguwa irin Ƙofar Kwaya, inda babura da motoci ba su yankewa, daga bayan sallar asuba zuwa fitowar 'yan makaranta shi ne lokacin da murya ke fita tsab. Da hantsi hasken rana na shigowa ta taga ba tare da zafi ba. Da tsakar dare kuwa kamfanonin waya sukan sayar da data da rahusa, layi kuma ba cunkoso, sai ya zama lokacin ɗorawa.

Shekara ita ma tana da nata tsari. Da bazara waya kan yi zafi har ta tsai da ɗauka da kanta. Da damina ƙarar ruwa a kan kwanon rufi kan ɓata murya. Da hunturu ƙura kan rufe idon kyamara, hazo kuma ya dushe hoton waje. Da azumi hankalin jama'a kan koma ga tafsiri da girkin buɗa-baki, sa'o'in kallo su sauya, kafin Salla kuma teloli da masu atamfa da takalma su fi neman talla. Duk waɗannan sanannu ne tun kafin su zo. Mai sana'a ya zauna da kalandar Musulunci da ta Bature a farkon shekara, ya sa alama a kan azumi da Salla da makonnin jarrabawa, ya san inda zai cika rumbu da inda zai nemi talla.

4. Kayan aiki, da wanda ya kamata a fara saye

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba jari duka a kan waya. Hajar mai sana'ar nan magana ce, mutane kuwa sukan haƙura da hoto maras kyau in suna jin abin da ake faɗa, amma ba su haƙura da muryar da ba ta fita. Saboda haka bayan wayar da ke hannu, abin da za a fara saye shi ne ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Sa'an nan mariƙin waya mai ƙafa uku, don hoto ya daina rawa. Haske kuwa taga ta isa da farko, muddin mai magana ya fuskance ta, bai ba ta baya ba.

Bayan waɗannan sai wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da janareta don cajin waya ya zama hasara. Batirin ajiye caji da ƙaramin faifan sola sun fi dacewa da mai ƙaramin jari. Sai kuma wurin ajiya. Waya kan faɗi, kan ɓace, akan kuma sace ta, in kuwa rumbun duka a cikinta yake, aikin wata guda ya tafi. Kowane abu da aka gama a ajiye shi wuri biyu, a katin memori ko filash, da kuma ma'ajiyar intanet irin Google Drive.

Wajen tacewa, manhajoji irin CapCut da KineMaster suna aiki a waya, Canva kuma don zanen hoton da ke fuskar bidiyo. Mutum ya riƙe ɗaya ya ƙware da ita, ya fi ya yi ta tsalle daga wannan zuwa waccan. Data ma abar lissafi ce, balle tun da hukuma ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Bidiyon minti 10 da aka fitar da cikakken kyansa yakan kai megabayit 600. In mutum ne kawai zaune yana magana, ana iya rage nauyinsa ƙwarai ba tare da mai kallo a ƙaramar waya ya ga bambanci ba.

Amma kayan aikin da ya fi duka araha, ya kuma fi su amfani, shi ne littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ba ya bukatar caji. A gabansa a rubuta duk batun da ya faɗo a rai, a tsakiya jadawalin mako, a bayansa lissafin kuɗi.

5. Lissafi, da hatsarin rumfar aro

Ɗan tireda ya san uwar kuɗi, ya san riba. Mai sana'ar intanet sau da yawa bai sani ba, domin da wayar da yake aiki da ita yake hira, da datar aiki yake kallon ƙwallo. Sai ya rubuta abin da ya fita, watau data da caji da kuɗin mota da ladan wanda ya taimaka, da abin da ya shigo, ya kuma ware asusun sana'a daban da na aljihu. In mai shago ya ba shi talla, su rubuta ko da a saƙon waya ne: nawa za a biya, sau nawa za a ɗora, yaushe. Kunyar yin ciniki da wanda aka sani ta kashe sana'o'i da yawa. Haka kuma ya kiyayi ɗora waƙar wani ko karanta littafin wani ba da izini ba. Baicin hakkin da ke ciki, sabuwar dokar hakkin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet, YouTube kuma kan rufe tashar da ƙorafi uku irin wannan suka hau kanta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne mai sana'a ya tuna rumfar da yake kasa kaya ba tasa ba ce. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 an dakatar da Twitter a Nijeriya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni ana haka. A ƙarshen Nuwamba 2023 kuma dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe. Wanda ke da kwafin aikinsa a hannu, yana kuma da hanyar isa ga masu sayensa fiye da ɗaya, shi ne ke tashi bayan irin wannan.

6. Harshen sana'ar

Ga mai nazarin harshe, wannan sana'a taska ce. Kalmominta sun kasu uku. Akwai tsofaffin kalmomi da aka faɗaɗa ma'anarsu: ɗora, sauke, tura, tace, tasha, shafi, zaure, mabiya, da tashe, kamar a ce wane yana tashe. Akwai waɗanda aka aro aka sake musu aiki, kamar manhaja, wadda asalinta Larabci ce, muka san ta da ma'anar tsarin karatu. Akwai kuma aron Ingilishi da aka lanƙwasa, kamar fostin da editin da guruf, inda harafin p ya koma f, aka kuma haɗa su da aikatau yi, a ce ya yi fostin. Mafi ban sha'awa ita ce caza. Kalmar da aka aro ita ce caji, amma da yake a Hausa z kan koma j a gaban wasalin i, sai masu magana suka ɗauka asalin j ɗin z ce, suka fitar da caza, daidai yadda aka fitar da canza daga canji. Wannan shaida ce cewa ƙa'idojin harshen suna aiki a bakin yaran da ba su taɓa karanta nahawu ba.

Inda abin ke da ban tsoro shi ne rubutu. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 suka yi ta wahalar daidaita rubutu. Yau ga kanun bidiyo da dubbai ke karantawa ba a bambanta fada da faɗa, ko baki da baƙi, ko ba ta da bata da ɓata. Uzurin da ake kawowa shi ne waya ba ta da haruffan, alhali allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sai dai a zaɓe ta. Waɗansu kuma suna tsoron masu nema ba za su same su ba, tun da su ba su sa lanƙwasa. Sai a rubuta kanu daidai, a sa ɗaya siffar a cikin bayanin da ke ƙasa. Wajen magana kuwa babu laifi Bakatsine ya ce tahi da ɗiya, domin karin harshensa na cikin abin da ke jawo masa masoya. Rubutu ne ya kamata ya bi Daidaitacciyar Hausa. Duba rubutu kafin a saki aiki ne na minti biyar, amma sai an sa shi cikin jadawali za a yi shi.

7. Abin da ya rage ga malamai

Wanda ya lura zai ga duk abin da aka zayyana a sama ba baƙo ba ne ga malamin kwalejin horon malamai. Jadawalin shekara shi ne tsarin aikin zango. Rubuta abin da za a faɗa kafin a tsaya gaban kyamara shi ne shirin darasi. Duba inda masu kallo suka fara watsewa, wanda YouTube ke nuna wa mai tasha daƙiƙa-daƙiƙa, shi ne auna fahimtar ɗalibai. Ashe abin da yaran nan suka rasa yana hannunmu, ba mu dai nuna musu cewa shi ne ba.

Saboda haka ina ba da shawara uku. A darasin insha'i a riƙa ba ɗalibai aikin rubuta jawabin minti uku, su karanta a auna da agogo. A darasin ƙa'idojin rubutu a kawo kanun bidiyo na gaske a gyara a kan allo, kowa kuma ya sa haruffan Hausa a wayarsa kafin ya bar aji. Sassan Hausa kuma su fara tattara kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, tun kafin a ƙaga musu waɗanda ba za su karɓa ba. Garin da aka kafa Kwalejin Katsina a cikinsa a 1921, inda Abubakar Imam ya yi karatu, bai kamata ya bar masu rubuta Hausar wannan zamani su koyi sana'arsu da lalube ba, alhali kullum suna wucewa ta Ƙofar Kwaya zuwa azuzuwanmu.